Baba ya ce ba zai biya kuɗin karatun wasa ba, dan Allah ku ba ni shawara

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara musamman wajen wanda ya yi kwas ɗin nan. Na gama sakandare bara, bana zan sake zana JAMB kuma ni wallahi abin da raina ke so shi ne sashen wasan kwaikwayo, wanda ake cewa Tiyata, ko a ABU ko a BUK. Tun ina ƙarami ni ke haɗa yaran layinmu tashe da azumi, diramar da muka yi ranar yaye mu ma ni na rubuta ta. To ranar da na faɗa a gida muna cin tuwon dare, kakarmu da ta ji kalmar tiyata sai ta hau shi min albarka, ita a zatonta likitan fiɗa zan zama, sai da yayana ya ce mata Hajiya ba ta asibiti ba ce fa, ta 'yan dirama ce. Baba ya tsame hannu daga kwano ya ce wato shekara huɗu zan yi ina biyan kuɗi ka koyo tashe? Ya ce ko lauya ko nazarin addinin Musulunci, in ba haka ba in zo shago. Me ake koyarwa ne a ciki takamaimai, kuma in mutum ya gama ina yake nufa?

Tsohon Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam ƙanena. Labarin Hajiya ya ba ni dariya don ni ma haka aka yi min. A ABU na yi. Abu na farko duba sakamakonka, kana da kiredit a adabin Turanci? In babu to zancen bai ma taso ba, a JAMB ɗin ma sai ka zana shi.

Na biyu, ka cire a ranka cewa hawa dandamali kawai za ka je yi. Karatu ne jibgi, tarihin wasan kwaikwayo tun daga Girkawan da, rubutun wasa, ba da umarni, tsara haske da kayan sawa, kiɗa da rawa, nazarin fim, ga wasanninmu na gargajiya. Sannan atisaye, wani lokacin abokanka na wasu sassan sun yi barci kai kana can kana maimaita fitowa ɗaya sau goma. In ka samu zuwa Zariya ka leƙa dandalin da ake kira Dirama Bilej, ginin ƙasa ne irin namu da zauruka kewaye da fili sama a buɗe, wani Ba'amurke Steven Ehrlich ya zana shi a shekarun 1970 lokacin da Michael Etherton ke kafa karatun dirama a wurin. Da za ka iya jan Baba ya gani da idonsa da rabin rigimar ta mutu.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne fita ƙauye, don abin da aka san ABU da shi ke nan, wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma. Za ku je ku zauna da mutane ku ji abin da ke damunsu sannan ku haɗa wasa da su a kai. Mu namu a kan rabon taki ne, ni na fito a wakilin da ke karkatar da buhuna, ina cikin rantse-rantsen ƙarya a gindin wata rimi sai wani dattijo ya miƙe da sandarsa ya shigo tsakiyar fili ya ce ƙarya kake yaro, ba haka suke yi ba, bari in nuna maka yadda suke yi. Ya karɓe wasan gaba ɗaya, daga nan mata na bayan zana suka fara sa baki, har magariba ba a tashi ba. Yanzu haka da abin nake ci, ina rubuta wa wata ƙungiya diramar rediyo kan rigakafi da awon ciki. 'Yan ajinmu wasu na gidajen rediyo da talabijin, wasu na koyarwa, wasu kuma kasuwa suke, ba zan ɓoye maka ba.

Mai Kyamara Zoo Road:
Ni dai tambaya ɗaya, fim kake so ka shiga ko digiri kake so? Don in Kannywood ce a ranka to shekarata goma sha a lokeshan ban taɓa ganin an ce wa wani kawo takardarka ba. Masana'antar nan daga ƙungiyoyin dirama ta taso, 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa da suka yi fim ɗin Turmin Danya a 1990 ba daga aji suka fito da shi ba. In aikin hannu kake so, kyamara, sauti, editin, makarantar fim ta Jos ta fi dacewa da kai, wadda ke ƙarƙashin hukumar fina-finai ta ƙasa. Kuma kar ka ga 'yan wasa da manyan motoci a Instagram ka ɗauka haka kowa yake, kasuwar sidi ta mutu tuntuni yanzu sai mai dogon zango a YouTube ko tashoshi irin Arewa24, ni akwai furodusan da ya riƙe min kuɗin aikin kwana tara tun kafin azumin bara har yau sai gobe sai jibi. Inda kawai zan ce karatunka zai yi rana shi ne rubutu. Marubuta na gaske sun yi mana kaɗan, shi ya sa za ka ga labari ya kai kashi na arba'in ana ta zagaye a falo ɗaya.

Abu Hanan:
Ɗan uwa ka bi maganar mahaifinka kawai. Kwas ɗin akwai cakuɗuwar maza da mata akwai rawa, kuma ka san yadda mutanenmu ke kallon harkar. A 2016 gwamnatin tarayya ta so gina alƙaryar fim a garin Kofa na jihar Kano, malamai da jama'a suka ƙi har aka janye. Ranar da za ka je neman aure za ka tuna maganata.

Maman Ilham:
Malam Abu Hanan ai cakuɗuwar nan har a ajin lauyoyin akwai ta, jami'a ce fa. Amma batun bin iyaye kam gaskiyarka.

Ƙanena ga wata hanya da ba wanda ya ambata. Ni Hausa na karanta, kuma mutane na ɗauka a ba ca da muke koya, alhali kashi uku ne, harshe, adabi da al'ada. Duk abin da ka lissafo yana ciki, tashe, wasan gauta, 'yan kama, kalankuwa, rubutaccen wasan kwaikwayo, waƙar baka wadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da rayuwarsa wajen tattarawa da nazarinta, har finafinan Hausa ana rubuta kundi a kansu, ka nemi rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu ka gani. Har bori mun yi nazari, ranar da mijina ya ga littafin a kan gado sai da ya yi ta'awizi, na ce masa likitan da ke karanta cuta ai ba kamuwa ya je yi ba. Ni kundina a kan waƙoƙin daka da niƙa na yi, na yi sati biyu ina bin tsofaffi a garinmu da rikoda, wata ta ce ba za ta rera ba sai an kawo turmi da taɓarya don waƙar ba ta fitowa a zaune. Biyu daga cikin waɗanda na naɗa sun rasu yanzu.

Kuma kar ka riƙa ja da Baba kai da kanka. Samu wani kawunka ko amininsa da yake jin nauyi ya yi masa bayani, a tuna masa Shata ma ABU ta ba shi digirin girmamawa a 1988, da kalangu ya samo shi.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Yaya na Samaru na duba, D7 gare ni a adabin Turancin, ashe ma ni da Baba muna ta rigima a kan abin da ban cancanta ba tukuna. Hausa kuwa B2 na ci. Anti Maman Ilham na gaya wa Kawu ya ce zai shigo ranar Juma'a bayan masallaci. Yanzu abin da ban gane ba, in na shiga Hausar ana barin mutum ya ɗauki kwas ɗaya ko biyu a sashen Tiyatar, ko gara in sake zana NECO in gyara adabin tukuna?