Ƙanena ya samu tayin aiki a Tailan ta WhatsApp, ku ba ni shawara

Maman Haidar:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ɗaukar aiki. Ƙanena ya karanci kwamfuta, ya daɗe yana nema bai dace ba. Kwanan nan wani da bai sani ba ya turo masa saƙo ta WhatsApp, wai kamfaninsu na neman masu amsa kiran kwastomomi a Tailan. Albashi mai tsoka, ga masauki, ga tikitin jirgi. Ko tambaya ɗaya ba a yi masa ba a kan abin da ya iya, sai ga takardar ɗaukar aiki har da tambari. Yanzu sun ce ya tura hoton fasfonsa da kuɗin gwajin lafiya da na biza kafin Juma'a, in ba haka ba a ba wani gurbin. Wai da bizar yawon buɗe ido zai shiga, in ya isa su sauya masa. Yaron ya ɗoki abin ƙwarai, kuma ni ce zan ba da kuɗin, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Yaya zan yi in gane gaskiyarsu?

Abu Khadija:
Wa alaikumus salam Maman Haidar. Don Allah kada ki tura ko kwabo, kuma ki riƙe fasfon nan a hannunki. Wanda ke son ma'aikaci shi ke kashe kuɗi ya same shi. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1997, ta ce kamfanonin samar da aiki kada su karɓi kuɗi daga hannun mai neman aiki.

Amma asarar kuɗin ba ita ta fi tayar mini da hankali ba, tafiyar ce. A 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoton cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya na iya kasancewa a tsare, ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Da irin tayin nan aka jawo da yawansu. Mutum ya sauka a Bankok, babban birnin Tailan, mota ta ɗauke shi zuwa Mae Sot a kan iyaka, a tsallake kogi da shi zuwa Myawaddy cikin Myanmar. A ƙwace fasfo, a sa shi gaban kwamfuta yana yaudarar baƙi, in bai kawo abin da aka yanka masa ba ya sha duka. In ya ce zai koma gida, a kira danginsa a nemi kuɗin fansa. A farkon 2025 an fito da dubban mutane daga gidajen da ake tsare su, cikinsu har da 'yan Habasha da 'yan Kenya. Masu ilimin kwamfuta da Turanci irin ƙanenki su ne ake farauta.

Ummi Z.:
Yaya, ni a ofishin ɗaukar ma'aikata nake aiki, kuma ba mu taɓa ɗaukar wanda ba mu yi magana da shi ba. Takarda mai tambari kada ta ruɗe ki, kowa na iya haɗa ta a waya. Ki nemo shafin kamfanin da kanki, ki kira lambar da ke can, ba wadda ke jikin takardar ba, ki tambaya ko suna da wannan gurbi. Ki duba imel ɗin da suke turowa: in na Gmail ne, ko an sauya harafi ɗaya a sunan kamfanin, magana ta ƙare. Bizar yawon buɗe ido kuwa ba ta ba mutum izinin aiki, ofishin jakadancin ƙasar zai tabbatar miki. Wannan "kafin Juma'a" kuma an sa shi ne don kada ki samu sararin tambaya.

Maman Haidar:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Jikina ya yi sanyi wallahi. Sai dai ya ce wani abokin karatunsa yana can, shi ma yana ta ƙarfafa masa gwiwa ya zo.

Abu Khadija:
Wannan bai wanke su ba, 'yar'uwa. Akan matsa wa waɗanda ke tsare su jawo abokansu, wani lokaci da alkawarin za a sake su in sun kawo madadinsu. Ƙila abokin nasa ba da son ransa yake rubuta saƙon ba. Ƙanenki ya kira shi ta bidiyo, ya ce ya fita titi ya nuna masa inda yake, ya kuma ɗaga fasfonsa a gani. In ya yi ta kawo uzuri, ku sanar da iyayensa yau ɗin nan, su kai maganar ga hukumar yaƙi da safarar mutane da ofishin jakadancin ƙasarku. Ku ajiye hotunan duk saƙonnin da lambobin da aka kira ku da su, za a buƙace su.