Ina ƙaramar ƙungiya za ta nemi tallafin yaƙi da kachala?

Ɗan Nguru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da ƙungiya ta masunta da manoman fadama a gefen Nguru. Ciyawar kachala ta toshe mana hanyoyin ruwa, kwale-kwale ba ya wucewa, kifi ya ragu, ga tsuntsayen jan-baki suna kwana a cikinta su wayi gari a gonakin shinkafa. Da lauje da adda muke yankanta, da kuɗin karo-karo, kuma kafin a juya ta sake tofowa. Muna kuma son kafa wurin renon itatuwa, gawo da kuka da bagaruwa. Ana ta cewa akwai kuɗin kare muhalli da na sauyin yanayi a duniya. Don Allah ta wace ƙofa talaka irinmu ke shiga?

Yayar Dutse:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ƙofar da ta fi dacewa da ku ita ce shirin ƙananan tallafi na asusun kare muhalli na duniya, GEF, wanda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ke gudanarwa. Tun 1992 yake, don ƙungiyoyin al'umma aka yi shi, kuma shekaru da dama an riƙa ba da har dala 50,000 ga aiki guda. Amma kafin ka rubuta ko layi ɗaya, a gyara takardu: rajista da CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), shaidar SCUML (sashen EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram), da asusun banki da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ba.

Sai maganar rubutun kansa, a nan mutanenmu suka fi faɗuwa. Kowa ya cika shafi da kukan talauci. Su kuwa masu kuɗin nan tambayarsu ita ce me zai canja a ƙasa, kuma ta yaya za a auna shi. Kuna zaune a kan abin da wasu ke nema ido rufe: tafkin Nguru da mashigin Marma suna cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci a duniya, tun 2000, kuma tsuntsaye daga Turai suna sauka yankin lokacin hunturu, ga wurin kare tsuntsaye na Dagona nan kusa da ku. Ku faɗi tsawon hanyar ruwan da za ku buɗe, gidaje nawa za su amfana, wane ne zai ci gaba da aikin in kuɗi sun ƙare. Ku kuma bayyana tushen matsalar, wato yadda madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar ruwa, har wasu wurare suka daina bushewa da rani, abin da kachala ke so ke nan.

Manomin Maraɗi:
Malam, batun renon itatuwa nake so ka sake dubawa. Mu nan sassabin zamani ne ya farfaɗo mana da gonaki tun shekarun 1980: a bar kututture ya tofo, a zaɓi rassa masu ƙarfi, a sare sauran. Ba ban-ruwa, ba leda, kuma awaki ba sa gamawa da shi kamar dashe. Masu ba da tallafi sun san shi sarai. Ka kuma leƙa shirin PPI na asusun muhalli na Faransa, yana taimakon ƙananan ƙungiyoyin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ka duba ƙasashen da ke cikin kiran kowane zagaye.

Ɗan Nguru:
Allah ya saka da alheri. Yaya, akwai wanda ya ce mu biya kuɗin fom zai shigar da mu ACReSAL. Mu ba shi?

Yayar Dutse:
Ko sisi kada ku ba shi. ACReSAL shirin gwamnati ne na farfaɗo da ƙasa da noma, da rancen Bankin Duniya na dala miliyan 700, a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma yana da ofis a kowace jiha. Ku ɗauki wasiƙa da hotunan aikinku, ku tafi da wakilin mai gari, ku je ofishin Yobe da ƙafarku.