Tseren motocin kamfani: in sayi COPO ta hannu ko in tsaya a kallo?

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da hutun mako. Shawara na zo nema wajen manya. Tun bara na kamu da kallon tseren nan na miƙaƙƙen titi, musamman rukunin da NHRA, hukumar shirya irin wannan tsere a Amurka, ke kira Factory Stock Showdown, inda Camaro da Mustang da Challenger ke karawa. Yanzu na ga an sa wata COPO Camaro, wato Camaro da kamfanin Chevrolet ke ƙerawa don tsere kawai, ta hannu a kasuwa, raina ya biya. Ina da ɗan abin da na tara a tuƙin tirela nan Greensboro ta Amurka. In sa kai ne ko in dakata? Kuma ina ya kamata in fara zuwa in gani da idona?

Oga Sule: Wa alaikumus salam ƙanena. Ban ga laifinka ba, duk wanda ya ga motocin nan sun ɗaga tayoyin gaba sama a wajen tashi sai ransa ya biya. Abin da ke jan mutane shi ne motar da ka gani a fili ita ce siffar wadda ka bari a bakin kanti. Ƙofofinta na buɗewa, bodin na kamfani ne, injin ma daga gidansu ya fito. Amma sai ta cinye mita 402 a ƙasa da daƙiƙa 8, ta isa ƙarshen layi da gudun wajen kilomita 280 a awa, sai an sakar mata laima ta baya kafin ta lafa. Kuma duk wannan a kan tayar baya mai faɗin inci 9 kacal. Nan gwanintar take: ƙarfi ya fi ƙarfin taya, ka ba ta wuta da yawa ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, ka rage kuma abokin karawarka ya wuce. Amma ka fara gaya mini, wane inji ne a cikin wadda ka gani?

Ɗan Maraɗi: Oga an rubuta 427, wato girman injin ke nan, kuma ba sufacaja, na'urar nan da ke tura wa inji ƙarin iska.

Oga Sule: To ka ga ni. Wannan ba za ta shiga Showdown ba. Masu shiga can 350 ne mai sufacaja a Camaro, Hemi 354 a Challenger Drag Pak, sai Cobra Jet, wato Mustang ɗin tsere ta Ford, da nata ƙaramin V8, shi ma da sufacaja. Taka ta rukunin Stock ko Super Stock ce. Kuma ni a wajena wannan alheri ne gare ka, zan dawo kansa.

Malam Bala: Ku tsaya ku fahimtar da mu 'yan Kano. Nawa ake sayar da irin motar nan sabuwa?

Injiniya: Malam riƙe hularka. Cobra Jet ta 2018, wadda Ford ta yi don cikar shekara 50 da fitowar ta farko, guda 68 kawai aka ƙera, kowace dala 130,000. Drag Pak ta 2021 guda 50 ce, farashinta dala 143,485. COPO ta 2022 mai inji 572 ta fara daga dala 105,500, ta 2023 mai inji 632, wato lita goma da ɗoriya, dala 135,900.

Malam Bala: Inna lillahi. Ba AC, ba kujerar baya, ba rediyo?

Injiniya: Ba ma lambar casis irin ta motar titi. Kamfani na sayar da ita ne a matsayin kayan tsere, ba za a yi mata rajista ba, ba za ta hau kwalta tare da jama'a ba. A cikin tirela take tafiya duk inda za ta.

Malam Bala: Da ina tunanin ko wani Alhajin zai ce mu shigo masa da ɗaya ya ajiye a gida.

Oga Sule: Ya ajiye dai Malam, amma ba ya tuƙa ba. Mai na musamman take sha, ba na gidan mai ba. Filin kuma kankare ne da aka goge aka fesa masa gam, in ka taka da takalmi sai ka ji yana kama ka. Ba wannan shimfiɗar, tayoyin ba su da abin riƙewa. Kuma don Allah kada yaran da ke wasan mota a biki su ga hotunan nan su ɗauka abu ɗaya ne. Can akwai katangar kankare hagu da dama, motar kashe gobara da ta asibiti na tsaye, direba na cikin kejin ƙarfe da rigar da ba ta cin wuta.

Hajiya Binta: Sannunku. Ɗan Maraɗi, ni harkar lissafi nake yi wa mutane, don haka bari in taɓa inda ba a so. Kuɗin sayen motar shi ne mai sauƙin. Bayanta akwai akori-kurar da za ta ja, akwai rufaffiyar tirela, akwai man dizal daga Florida zuwa Indiana, wani zubin har Las Vegas, ga masauki, ga kuɗin shiga, ga mutanen da za su taya ka, don ba ka iya tuƙi kana karanta kwamfuta kana duba iskar taya kai kaɗai. Sannan kwanakin da kake fili, taka tirelar ta neman abinci tana tsaye. Abin da ake ba wanda ya yi nasara ba ya mayar da wannan. Masu yin abin da gaske ko dai suna da dillancin motoci, ko gidan haɗa inji, ko wani kamfani ya ɗauki nauyinsu.

Oga Sule: Hajiya ta faɗi gaskiya. Duba sunayen zakarun ka gani. David Barton da ya ci a 2017, gidansu gidan haɗa injin tsere ne a Pennsylvania. Drew Skillman na 2019, danginsa manyan dillalan motoci ne nan Indiana. Aaron Stanfield da ya ci 2020 da 2021, shi da mahaifinsa Greg injuna suke haɗawa a Louisiana, har abokan hamayyarsu na saye a wajensu. Motar da ta fito daga kamfani ba ta cin gasa a yadda ta zo. Sai an sauke injin an kai wa irin waɗannan, sun buɗe shi sun sake ɗaure shi daidai iyakar abin da doka ta yarda. Bayan 'yan tsere kaɗan kuma a sake buɗewa a duba fiston da sifirin bawul. Mai hankali ba ya zuwa fili sai da injin ajiya a tirela, don in ɗaya ya fashe ranar Asabar, Lahadi ba ta jiranka.

Hajiya Binta: Oga ka tsallake 2018, ko don mace ce ta ci? Leah Pritchett da Drag Pak, kuma a shekarar tana tuƙa Top Fuel, rukunin motocin da suka fi kowane sauri, a lokaci guda. Ta fito daga wannan ta shiga waccan a yini ɗaya.

Oga Sule: Ranki ya daɗe, wa ya isa ya tsallake ta. Ita ma dai a ƙarƙashin Don Schumacher, mai babbar ƙungiyar tsere, take a lokacin, kin ga maganar kuɗin ta sake fitowa.

Auta: Yaya ni abin da ban gane ba, injunan nan ba girma ɗaya ba ne, ta yaya ake cewa an yi adalci?

Injiniya: NHRA ce ke riƙe da sikeli. In ta ga motocin kamfani ɗaya sun fara yi wa saura nisa, sai ta sauya musu girman fulin sufacaja don iskar da ke shiga injin ta ragu, ko ta ƙara musu nauyi. Duk lokacin da aka yi haka sai an ji kuka. 'Yan Ford su ce an danne su, wata biyu kuma 'yan Chevrolet su ce su aka nufa. Ni ina ganin ba makawa sai da hakan, in ba haka ba kowa mota iri ɗaya zai saya, daɗin ya tafi. Sai dai duk sauyin doka kuɗi ne, don sai ka koma gwaji daga farko.

Ɗan Maraɗi: Kun fara kashe mini jiki fa. To gaba fa, abin zai ɗore?

Injiniya: Nan ne nake da shakka. An daina ƙera Challenger a Brampton ta Kanada a Disamban 2023, Camaro ma ta tsaya a daidai wannan lokacin. Mustang kaɗai ta rage a layin ƙira cikin ukun. Rukunin da aka kafa a 2012 a kan cewa abin da ke ɗakin sayarwa shi ne a fili, yau biyu cikin uku babu su a ɗakin sayarwa. Ga filaye na rufewa. Englishtown ta daina a 2018, Atlanta Dragway 2021, na Houston 2023, Bandimere ta Colorado 2023. Gari na matsowa, ƙasa na tsada, maƙwabta na ƙorafin ƙara.

Oga Sule: Injiniya ban bi ka duka ba. Maganar filaye gaskiya ce, tana damuna. Amma ta bodi ba ta tayar mini da hankali. Har gobe Camaro ta 1969 na tsere a rukunin Stock, Barracuda da Dart na 1968 masu Hemi suna da gasarsu ta kansu a Indianapolis, mutane na cika wajen kallo. Motocin nan na zamani an ƙera su da yawa, COPO kaɗai shekaru ana fitar da 69 duk shekara, ba za su ɓace ba. Kuma a ƙarshen 2025 Dodge ta sanar da sabuwar Drag Pak a bodin Charger, guda 50, da Hemi ɗinta. Abin da ke ba ni tsoro farashinta, ya haura dala 200,000. Rukunin ba zai mutu ba, ƙanƙancewa zai yi ya koma hannun mutum kaɗan masu ƙarfi.

Auta: Ai akwai na lantarki ma. Na ga Cobra Jet 1400 ta 2020, ta yi daƙiƙa 8.27, ba ƙara sai kukan taya.

Oga Sule: Na gan ta, tana da sauri, Allah ya ba masu so. Ni in ƙirjina bai girgiza ba ban je tsere ba.

Injiniya: Akwai kuma wani rukunin, Factory X, da aka fara a 2023. Injunan iri ɗaya ne, amma motar ta fi sauƙin nauyi sosai, taya ta fi faɗi, giya ta hannu da kuloci. Kallonta akwai daɗi, kana jin direba na sauya giya. Amma ginin gareji ce daga tushe, ta fi tsada, kuma daga cikin masu kuɗin Showdown ɗin take ɗiba.

Hajiya Binta: Mu koma kan tambayarsa ta kallo. Ɗan Maraɗi, zo Norwalk nan Ohio a lokacin zafi. Filin tsaf yake, iyali na sakewa, kuma suna da al'adar sayar da askirim mai nauyin fam guda da araha, yara ba sa mantawa. A gasar NHRA tikitinka shi ne izinin shiga inda ake gyaran motoci, kana tsaye igiya ce kawai tsakaninka da makanikai. Ka tafi da abin toshe kunne, na yara kuma irin mai rufe kunnen gaba ɗaya, saboda in manyan motocin suka tashi ba wasa. Ka fara duba jadawali, ba a kowace gasa ake yin Showdown ba.

Oga Sule: In kuma babbar kake so, US Nationals nan Indianapolis, ƙarshen Agusta zuwa Litinin ta farkon Satumba. Nan aka fara Showdown ɗin. Ka zo ka sauka a wajena. Ka nemi kujera kusa da layin tashi a rana ta farko ka ga yadda suke ƙona taya da yadda suke shiga layin danja, washegari ka koma can ƙarshe ka ga gudun. Amma kai da filin zMAX ke Concord, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga gidanka, mai layi huɗu, me kake jira?

Auta: Mu na Ingila Santa Pod muke zuwa. Sauran kuma a YouTube nake bi, NHRA na sa zagayen ƙarshe.

Injiniya: Mu ma nan Doha akwai fili, akwai na Baharen a Sakhir, lokacin sanyi ake yi. Wanda ke son kallon gasa tun daga zagayen neman gurbi, NHRA.tv ya fi, talabijin na yawan tsallake ƙananan rukunai.

Ɗan Maraɗi: Na gode ƙwarai. Oga ka ce za ka dawo kan 427 ɗin.

Oga Sule: Yauwa. Injin da ba sufacaja yana daɗewa kafin ya nemi a buɗe shi, kuma a rukunin Stock ba mai kuɗi ne ke ci kullum ba. Kai za ka faɗi lokacin da motarka za ta yi, a rubuta a jikin gilashi da farin alli. Wanda ya fi jinkiri shi ake fara saki. In ka yi sauri fiye da abin da ka rubuta, ka faɗi. In ka tashi kafin kore, ja ta kama, ka faɗi. Ka ga ido da natsuwa ne ke aiki. Amma ko wannan kada ka fara da COPO. Akwai Piedmont Dragway kusa da ku, rabin tsawon ne, mita 201. Je ka daren gwaji da motar da kake hawa, ka sa hular kwano, ka koyi danja. In abin ya zauna maka, ka yi rajista a makarantar Frank Hawley da ke Gainesville, don motar da ke sauka ƙasa da daƙiƙa 10 sai da lasisin NHRA.

Hajiya Binta: Kuma ka gaya wa uwargida farashin na gaskiya tun yanzu.

Ɗan Maraɗi: Hajiya wannan ta fi lasisin wuya. Oga in na kira mai motar me zan tambaya?

Oga Sule: Ka ce ya turo hoton takardar shaidar casis da ke manne a jikin kejin, shekara 3 take yi ta ƙare. Bel ɗin kujera shekara 2 ne, ka duba kwanan watan. Ka tambayi wa ya haɗa injin, tsere nawa ya yi tun buɗewar ƙarshe, ya nuna maka littafin da yake rubuta kowane gudu da rasit. In ya ce babu littafi, ka yi masa sallama. In akwai, turo mini hotunan in duba kafin ka saka ko sisi.