Sun mai da ni likita, ni kuwa karatu aka aiko ni koyarwa

Mai tambaya: Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Wata bakwai ke nan da ikilisiyarmu ta aiko ni aikin sa kai a wani ƙauyen Maguzawa a kudancin Katsina. Da safe ina koya wa yara karatu a gindin darbejiya, da dare kuma manya bayan an ci tuwo, da fitilar sola ɗaya. Ran Lahadi ina taya mai bishara da makarantar Lahadi. Tun da damina ta faɗi ajin dare ya watse, kowa ya dawo gona a gajiye, ban kuma ga laifinsu ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne akwatin maganin da matan Zumunta, ƙungiyar matan ikilisiyarmu, suka haɗa mini don kaina: farasitamol, aidin, bandeji, da ƙunshin ORS, garin haɗa ruwan gishiri da sukari. Wani yaro ya sare ƙafa da fartanya, na wanke na ɗaure, ya warke. Shi ke nan, sunana ya koma Likita. Daren Talata wata mata ta buga mini ƙofa da ɗanta ɗan shekara biyu, jiki kamar garwashi, yana jijjiga, idanu sun juye, kakarsa na biye tana ƙoƙarin cusa masa cokali a baki. Asibitin sha-ka-tafi mafi kusa tafiyar awa guda ce a babur, ga rafi ya kawo. Addu'a na yi, na dinga shafa masa ruwa har asuba, aka tsallaka da shi. Zazzaɓin cizon sauro ne, ya rayu. Amma da ya cika a ɗakina fa? In kulle akwatin nan ne, ko yaya zan yi?

Mamar Zumunta, tsohuwar nas: Ɗana, sannu da aiki. Kada ka kulle, amma ka san iyakarka, ka kuma faɗe ta da bakinka a gaban jama'a. Yaro mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, a rage masa kaya, a shafa masa ruwa mai ɗan ɗumi. Ba cokali, ba jiƙo, ba hayaƙi, ko farasitamol ɗin kada a ɗura masa sai ya dawo hayyacinsa, don zai iya shaƙewa. Abu huɗu ka haddace kamar Addu'ar Ubangiji: jijjiga, kasa shan nono ko ruwa, amai da duk abin da ya ci, da barcin da ba a iya tashinsa. In ka ga ɗaya, ba aikinka ba ne, aikin babur ne.

Gudawa ce inda za ka ceci rai da hannunka. In ORS ya ƙare, litar tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka sa matan su haɗa a gabanka, domin hannun Bahaushiya da gishiri ba ya tsoro. Sannan ka bincika ko masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina suna isowa ƙauyen. Wata-wata ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, gida-gida, kyauta. Ƙauyukan da ke bayan rafi su aka fi tsallakewa. Allura kuwa, ko sun durƙusa maka, kada ka taɓa.

Wani ɗan'uwa daga Kaduna: Mama, a gafarce ni, ni ban yarda ba. Ya mayar da akwatin gida. Yau ana kiransa Likita, ran da aka rasa yaro za a ce maganin 'yan mishan ne ya kashe shi, kuma majami'ar da aka sha wuya kafin a samu filinta ita za ta kwana a ciki. Ba shi da takardar aikin lafiya ko ɗaya.

Mamar Zumunta: Wanke ciwo da haɗa ruwan gishiri da sukari ba ya buƙatar takarda, ɗana. In ya kulle, wurin mai tallar ƙwayoyi a faranti za su koma ran kasuwa.

Baba Fasto mai ritaya: Yarona, abin da ya same ka ya girme ka. Tun da aka kafa EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta ikilisiyar ECWA, a 1948 ake tura 'yan ƙasa irinka ƙauyuka, kuma da wuya ka sami mai bisharar da ba a taɓa tashinsa tsakar dare a kan mara lafiya ba. Ni haƙori aka kawo mini in cire, na ce ko na akuya ban taɓa cirewa ba.

Kuskurenka ɗaya, kana ɗauke da kayan kai kaɗai. Ka ɗauki mai bishara ku je gaban mai unguwa, a kira ungozoma, ka ce: ga abin da na iya, ga wanda ban iya ba. In an ji daga bakin mai unguwa, ba mai ɗora maka laifi gobe. Kuma kada magani ya zama ƙugiya. Bamaguje, Musulmi, Bafillatanin ruga, duk wanda ya zo ka yi masa, kada ka ce sai ya zo sujada. Ajin dare kuma ka bar shi sai kaka. Ɗauki fartanya ka shiga gayya, a kunya ɗaya za ka ji abin da ba za a faɗa maka a aji ba.

Ɗan'uwa daga Maraɗi: A nan wajenmu asibitin Galmi yana aiki tun 1950, har daga Najeriya ana zuwa, amma abin da ma'aikatan lafiya ke kuka da shi kullum shi ne a kawo yaro a makare. Yawanci kuɗin mai ne ke sa a kwana ana jira. Ku yi asusu, kowane gida ya ba da kwanon dawa da kaka, a sayar, a ajiye kuɗin wurin wadda mata suka yarda da ita. Ku tsayar da ɗan acaɓa ɗaya da ya san za a iya tashinsa kowane lokaci.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya sāka. Jiya mun je wurin mai unguwa, ya ce ran Juma'a za a yi shela. Ungozoma ta karɓi riƙon asusun, amma ta ce gero za a tara, dawa ba ta kuɗi. Malamin asibitin ya ba ni lambarsa, sai dai sai na hau tudun bayan gari ake samun sabis. Baba, na je gayyar yau, hannuna duk ya yi kanta, yara na ta dariyar kunyata wai ta yi tafiyar maciji. Mama, saura rafin. In ya kawo da dare, ko babur ba ya wucewa, sai a ɗauki yaro a wuya. Akwai abin da malamin asibiti zai iya bar mana na kafin a isa, ko in tambaye shi kai tsaye?