Riga-kafin da ke Tsare Yaro daga Cutar da ba Tasa ba

A wata tattaunawa tsakanin ma'aikatan lafiya da iyaye mata a Gombe, tambayar da ta fi jan lokaci ita ce: allurar ƙyanda, ƙyanda kaɗai take hanawa?

Ma'aikatan suka ce a'a. Ƙyanda ba ƙuraje da zazzaɓi kawai ba ce; tana goge abin da garkuwar jikin yaro ta riga ta haddace game da wasu cututtuka, sai ka ga ya warke amma gudawa da ciwon huhu sun sa shi a gaba wata da watanni. Hana ƙyandar ya toshe wannan ƙofa. A Gini Bisau, binciken masani Peter Aaby, ɗan ƙasar Denmark, da ya faro a 1978 ya ga raguwar mace-macen yara bayan allurar ƙyanda ta zarce abin da ƙyanda kaɗai ke kashewa.

Allurar BCG ta tarin fuka, wadda aka fara yi a 1921, akwai alamun tana horar da dakarun farko na garkuwar jiki su yi saurin farkawa ko da baƙuwar cuta ce. Sai dai kada a zaƙe: an gwada ta kan korona, ba ta hana ba.

Shawarar da aka tsayar: BCG da zarar an haihu, kada a jira suna. Ƙyanda a wata 9, a koma a wata 15, wadda a ganina ita aka fi mantawa. Ɗan zazzaɓi bayan allura ba dalilin fasawa ba ne. Masu tallan maganin "ƙara garkuwa" a bakin kasuwa kuwa, ba wanda ya tsaya musu.