Yaya tela zai koyi cewa "ba zan iya ba"?

Telan Fagge:

Assalamu alaikum. Ɗinkin maza nake yi a Fagge, kaftani da jamfa da 'yar shara, ina da yara biyu a shago. Kwanakin baya a karatun bayan magariba, malaminmu ya zo kan hadisin Abu Huraira da ke Bukhari da Muslim, wanda ya ce alamomin munafuki uku ne: in ya yi zance ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka amince masa ya ci amana. Tun ranar abin yake min nauyi a zuciya, domin sana'armu a kan alkawari take tsaye. Ka auna mutum, ka rubuta sunansa a jikin yadi da alli, ka ce masa Laraba.

Ga azumi na tafe. Na san iya abin da hannunmu zai fitar. Kaftani mai aikin wuya sai ya je wurin mai surfani ya jira layi, wuta ba ta zama, man janareto kuwa tun da aka cire tallafi a 2023 sai da lissafi ake zuba shi. Amma sai ranar 20 ga azumi kawuna ya shigo da shadda a leda daga Kantin Kwari, ko maƙwabcin da ya taɓa yi min rana, ya ajiye a kan tebur ya ce "kai dai taimaka". Da wane baki zan ce masa a'a? Ina so in zama wanda in ya ce Laraba to Laraba ce, ba tare da na ɓata zumunci ba. Waɗanda suka riga mu a harkar, yaya kuka yi?

Tsohon tela, Damagaram:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da wannan tunani. Abin da ya cece ni littafi ne. Tun Rajab nake jan layi a ciki, kowane mako da adadin kayan da zan iya fitarwa, in rage kaɗan saboda ciwo da rasuwa da lalacewar keke. Layi ya cika, an rufe. Wanda ya zo bayan nan sai in buɗe littafin a gabansa ya gani da idonsa. Ka ga ba ni na hana shi ba.

Dangi kuwa, ware musu gurbi tun farko, kuma kai za ka bi su. Je ka gaida kawunka a Sha'aban, ka ce ya kawo yadinsa yanzu don kada a yi masa aikin gaggawa. Dattijo zai ji ka girmama shi ne. Kuma ka sami abokin sana'a mai amana da za ka riƙa tura masa mutane. Wasu za su yi fushi su tafi, kada in ɓoye maka. Yawancinsu sun dawo min da babbar salla.

Maman yara:

Malam tela, bari in faɗa maka yadda abin yake ta ɓangarenmu. Bara ɗana ɗan shekara shida ya tashi da asubar salla yana tambayar kayansa. Babansa ya kwana yana zarya shagon tela, aka dawo da yadin a yanke, ko hannu ba a haɗa ba. Da tsohuwar jamfarsa ya tafi idi, yana tafe yana share hawaye. Wallahi da tun farko mutumin nan ya ce ba zai iya ba, da mun sayo na kanti, shi ke nan. Karɓar da ya yi ita ta cuce mu, don ta hana mu neman wata mafita. In kun mayar mana da yadi muna iya ɓata rai na yini ɗaya, amma ba ma riƙe ku a zuci.

Ɗalibi daga Zariya:

Ɗan'uwa, kada ka tsananta wa kanka fiye da kima. Malamai sun bambanta wanda ya yi alkawari da niyyar cikawa sai wani uzuri ya ci ƙarfinsa, da wanda tun yana faɗa ya san ba zai cika ba. Na biyun shi ne abin tsoro, kuma shi ne aya ta 2 da ta 3 a Suratus Saff ke jan kunne a kansa, faɗin abin da ba za a aikata ba. In ka hango aiki zai makara, kira mai kayan da wuri, kada ka bari sai ya zo ya tsaya a ƙofar shago.

Sannan ka duba yaran shagonka. Duk yadin da ka karɓa don kunya, su za su kwana a kan keke a goman ƙarshe, lokacin da mutane ke masallaci. Su ma suna da haƙƙi a kanka.

Telan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman yara, labarin yaron nan ya taɓa ni, Allah ya raya shi. Batun yaran shago kuma gaskiya ne, ƙaramin ma bai wuce shekara 16 ba. Na sayo littafi, kuma Juma'ar nan zan je gidan kawu. Baba na Damagaram, saura abu ɗaya: wanda ya ajiye yadi a hannun yaro ba na nan, ya haɗa da kuɗin kafin alƙalami ya tafi, shi yaya kake yi da shi?