Agogo ko kiran salla: da me kuke tsara yininku a Legas?

Maman Haidar, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ce, a gida nake ɗinki. 'Yata ta saka mini manhaja a waya mai yanka yini awa-awa: ƙarfe tara yankan yadi, sha ɗaya ɗinki, ƙarfe biyu guga. Ita da wannan tsarin take karatu kuma yana yi mata daidai. Ni kuwa in na hau keke ba na sanin rana ta yi nisa sai na ji ladan, ga wuta da ba ta da ranar zuwa. Sallah na matsowa, ba na son saɓa wa mutane alkawari. Ku yaya kuke yi?

Baba Mai Gwari, Mile 12:
Wa alaikumus salam 'yata. Mu a kasuwa mota ce ke ba mu lokaci. Tirelar tumatir da tattasai ta taso daga Kano ko Jos, Allah kaɗai ya san sa'ar shigowarta, ko tsakar dare ko da hantsi. Shi ya sa jerin aiki nake riƙewa, ba ƙarfe kaza ba. A sauke kaya, a ware na yau da wanda zai kwana, a yi ciniki. Bayan azahar in zauna da littafin bashi, kafin la'asar in tura wa masu kaya kuɗinsu Arewa. Ko motar ta makara, jerin bai rushe ba, matsawa kawai yake yi. Aikinki ya fi kama da nawa fiye da na 'yarki.

Abba, Agege zuwa Victoria Island:
Baba, a gafarce ni, wannan ba zai ɗauki irinmu ba. Ni in ban ga lamba a rubuce ba hankalina ba ya kwanciya. Daga baya nake lissafi: ƙarfe takwas a ofis, sai in cire lokacin hanya, in cire na shiri, abin da ya rage shi ne lokacin tashi. Gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce, in hanya a buɗe take minti goma sha wani abu ka wuce, in ka fito a makare da safiyar Litinin sai ta ci maka awa guda. Tun da jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, nakan hau a tashar Agege, shi kuma ba ya jiran wanda ya ce "bayan asuba". Anti, ko aiki ɗaya ne, akwai wanda dole ki ɗaure shi da agogo.

Zee, Akoka:
Anti, ni ma lokaci ɓace mini yake, amma nawa wajen fara karatu ne. Abin da ya taimake ni shi ne tsarin Pomodoro, wanda wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980: aiki minti 25, hutu minti 5, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Ya dace da mai jin nauyin farawa. Ke da hannunki ke gudu in kin fara, ƙararrawa kowane minti 25 katse ki kawai za ta yi.

Malam na Idi-Araba:
Hajiya, abin da ya fi damuna a maganarki shi ne alkawarin Sallah, don nan ne mutunci yake. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana a 1979 cewa mutum kan raina tsawon lokacin da aikinsa zai ci, ko da ya sha yin irinsa. Dalili kuwa yana hango aikin ne lafiya lau, babu ɗauke wuta, babu baƙi, babu yaro mai zazzaɓi. Maganin da suka nuna shi ne ka duba yadda irin aikin ya kasance a baya, ka yi alkawari a kan wannan.

To ke ki samu ƙaramin littafi. Kullum ki rubuta kala nawa kika gama daga hantsi zuwa azahar, nawa daga azahar zuwa la'asar, ranar wuta da ranar da babu. Bayan mako biyu za ki san ainihin ƙarfin hannunki, sai ki karɓi ɗinki daidai da shi, ki bar rarar kwana biyu. Kada kuma ki ɗauka bin salla rashin tsari ne. Legas na kusa da layin ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu, Arewa da Kudu, shi ya sa lokutan salla ba sa gocewa sosai, magariba duk shekara tana tsakanin wajen shida da rabi zuwa bakwai da 'yan mintuna. Da haka nake raba darussan ɗalibaina, kuma ko ƙaramin cikinsu ya san abin da ke biyo bayan la'asar.

Direban Tanka, Apapa:
Namu jira ne, wani lokaci kwana da kwanaki a layin lodi. Ina da ayyukan da na ware wa zaman jira: duba taya da birki, kiran iyali, tilawa. Hajiya, ki ware na rashin wuta haka nan, yanka da sa maɓalli da aikin allura.

Maman Haidar, Agege:
Allah ya saka da alheri. Na goge awoyin nan, na bar gida uku: kafin azahar, kafin la'asar, bayan isha'i. Ƙararrawa ɗaya na bari, ta ɗauko Haidar daga makaranta, kamar yadda Abba ya ce. Malam, a littafin nan, atamfa da leshi tare zan ƙirga su ko kowanne da shafinsa? Don leshi mai dutse ɗaya yana cin lokacin atamfa uku.

Malam na Idi-Araba:
Kowanne da shafinsa, Hajiya. Ki ƙara shafi na uku na gyare-gyare, su ne ke shigowa ana jibi Sallah.